Ranar Da Na Canza Famfon Man Babur Da Hannuna

Assalamu alaikum Edita, da fatan kuna lafiya ku da masu karatu. Na daɗe ina bin wannan shafi, ina karanta abin da ya sami wasu ina girgiza kai, alhali ni ma ina ɗauke da nawa a ciki shekara da shekaru. Roƙona a sakaya sunana. Ni ma ba zan ambaci sunan kowa ba, domin wadda abin ya fi shafa tana nan da ranta.

A lokacin da wannan abu ya faru ban wuce shekara talatin da 'yan kai ba. Ƙaramin ma'aikaci ne ni a sashen gona na wata ƙaramar hukuma, ina zaune a Kaura Namoda da matata da ɗiyarmu ɗaya. Ina cikin waɗanda aka maido gida daga Sakkwato bayan an ƙirƙiro jihar Zamfara, kuma gaskiya na dawo da girman kai. Ina da takardar difloma, ina ɗaura agogo, in na buɗe jarida a majalisa kowa shiru yake yi ya saurare ni, sai na ɗauka babu abin da zai gagare ni in dai na zuba masa ido. Abin hawana wani babur ne roba-roba na hannu, irin wanda ba shi da giya, murɗawa kawai ake yi ya tafi. Tankinsa a ƙasa yake, ƙarƙashin inda ake ɗora ƙafa, saboda haka yana da wani ɗan famfo da bai kai tafin hannu ba, shi ke jawo mai daga tankin ya kai wa inji. Ban ma san da zaman wannan famfo ba sai ranar da ya lalace.

Mai duba mini babur ɗin wani bakanike ne Kirista, mutumin Filato, wanda ya daɗe a Kaura har Hausarsa ta fara komawa irin tamu. Mutum ne marar gaggawa, in ya kwance abu sai ya jera kusoshin a kan tsumma bi da bi kafin ya taɓa na gaba. Kakar farko ke nan bayan an ƙaddamar da Shari'a, gari ya canza, an hana 'yan kabu-kabu ɗaukar mata, wasu baƙi kuma sun kwashe iyalansu sun koma garuruwansu. Shi bai tafi ba, yana nan a rumfarsa. Wata ranar Asabar da la'asar babur ɗin ya yi ta shaƙewa yana mutuwa, na turo shi har wajensa. Bai ɗauki lokaci ba ya ce famfon mai ne, kuma yana da sabo a ajiye. Amma ya nuna mini tiyon da ke haɗa famfon da inji, ya ce ya tsufa ya bushe, 'yan zobban ƙarfen da ke matse bakinsa kuma tsatsa ta cinye su. Ya ce ranar Litinin zai shiga Gusau ya zo da sabbi, gobe kuwa Lahadi ce, yana coci. Har yau ina jin muryarsa: "Malam, ka bari sai Litinin. Famfon ba shi ne matsala ba, tiyon ne."

Ni kuwa na riga na aika wa yayata cewa ina nan tafe ranar Lahadi. Sai na ce ya ba ni famfon kawai, aikin da bai wuce kusa biyu da tiyo uku ba ai ba sai an yi masa jiran kwana biyu ba. Na ƙara da wata magana da nake jin kunyarta har yau, na ce Lahadinsa ba za ta tsayar mini da tafiyata ba. Waɗanda ke zaune a rumfar suka yi dariya, shi bai yi ba. Ya naɗe famfon a takarda ya miƙo mini, ya ce in har na ɗaura kada in yi nisa da gari, kuma duk abin da zan yi kada in ɗaure bakin tiyon da waya, don waya yanka roba take yi. Na ce masa na ji, na turo babur ɗina na dawo gida.

Ya kamata in faɗi wace ce wannan yaya tawa. Ta girme ni da kusan shekara goma sha biyar. Ina ɗan shekara huɗu mahaifiyarmu ta rasu, ita ta ɗauke ni ta tafi da ni gidan mijinta, a wani ƙauye cikin ƙasar Zurmi, nesa da kwalta. Da ƙuli-ƙulinta da man gyaɗarta na yi makaranta. Ba ta taɓa kiran sunana ba, Auta take ce mini har bayan na yi gemu. Duk shekara in an yanke gero sai ta zaɓar mini dammai masu kyau ta ajiye, in zo in gani da idona, daga baya a aiko mini da su a mota. Zuwan da zan yi ke nan.

Ranar Lahadi bayan na dawo daga masallacin asuba na shimfiɗa buhu a tsakar gida, na ɗauko sufana da sukundireba da filaya na maƙwabcina. Cire murfin robar kaɗai ya ci mini lokaci, har na karya masa kunne ɗaya. Na yi wa tiyoyin alama da gawayi don kada in rikita su, na ji daɗin wannan dabara tawa ƙwarai. Na cire tsohon famfon na ɗaura sabon. Da na zo mayar da tiyon da ke kai wa inji mai, sai bakinsa ya tsage. Na karɓi wuƙar girkin matata na yanke wurin tsagewar, sai tiyon ya gajarce, sai da na ja shi da ƙarfi kafin ya kai. Zoben da zai matse shi kuwa ina taɓa shi da filaya ya ruguje. Na zauna ina kallonsa. Maganar bakaniken ta faɗo mini a rai, na kawar da ita. Na tashi na kwanto wata siririyar waya daga jikin tsohon kejin kaji, na naɗa ta a bakin tiyon, na murɗa da filaya har sai da na ga ta nutse cikin robar. Na buga kik sau uku, babur ya tashi. Matata ta leƙo daga madafa ta ce tana jin warin fetur, na ce mata duk wanda ya yi aikin inji dole a ji warin mai. Na wanke hannu, na sa sabuwar shadda, na cika tanki a bakin hanya, na kama hanyar Zurmi ina jin kaina kamar wanda ya ƙera babur ɗin.

Da hantsi na isa ƙauyen. Na ajiye babur a inuwar bedin, wato dogonyaro, da ke ƙofar gida, na shiga muka gaisa da yayata, ta kawo mini fura, tana ta kallona tana cewa na rame, matar gari ba ta iya tuwo ba. Can na tuna da goro da sabulun da na zo mata da su suna ƙarƙashin kujerar babur, na fito in ɗauko. A nan na ga abin da na gani. Yashin da ke ƙarƙashin babur ɗin ya jiƙe, faɗinsa ya kai faifai, kuma mai na ɗiga a hankali daga daidai wurin da na yi aiki. Na san abin da ke faruwa, ba zan yi wa Allah ƙarya ba. Amma dattawan unguwar suna zaune a gindin bedin suna yaba babur ɗin, kuma ban daɗe da gama gaya musu cewa ni na gyara shi da hannuna ba. Sai na sa takalmi na tura busasshen yashi na rufe wurin, na ce a raina in mutane sun watse na duba. Ban kai ga buɗe kujerar ba na ji salati daga cikin gida.

Yayata ta zaga bayan rumbu ne don ta jawo mini damman da ta ajiye, ashe kububuwa na kwance a ƙarƙashinsu. Ta sare ta a saman idon sawun ƙafar hagu. Kafin mu shiga matan gidan sun kashe macijin da taɓarya, ita kuma tana zaune a ƙasa ta riƙe ƙafar, tana ce wa kowa ya kwantar da hankalinsa. Na ruga na kwanto robar tayar da nake ɗaure kaya da ita, na ɗaure mata ƙafar a ƙasan gwiwa iya ƙarfina, don abin da muka taso muna ji ke nan, a ɗaure kada dafi ya hau. Mijinta, dattijo ne mai natsuwa, ya ce a ɗaura wa shanu amalanke a kai ta bakin kwalta ta wajen Zurmi, tafiyar ba ta da yawa, kuma can motoci na wucewa. Ni na hana. Na ce amalanke ɓata lokaci ne, na san wata hanya ta cikin daji da ke yanke tafiyar ta ɓulla kusa da Kaura, kafin shanu su kai kwalta ni na kai ta asibiti. Na ce ni ƙanenta ne, babu wanda zai tsayar da mu a hanya. Mutane suka yi ta cewa Allah ne ya kawo ni yau da abin hawa. Mijin ya dube ni ya yi mini tambaya ɗaya tak, ya ce babur ɗin lafiyarsa lau? Na ce lafiyarsa lau.

Aka ɗora ta a bayana, aka ɗaure mu tare da zani don kada ta faɗi. Muka shiga daji. A raina ina lissafin cewa tanki cike na taho da shi, ɗigon da na gani ba zai ƙarar da shi ba kafin mu isa. Abin da ban sani ba shi ne duk gargadar da muka shiga wayar ƙara cin robar take yi. Mun bar gonakin ƙauyen a baya, mun wuce wata tsohuwar rijiya, mun gangara wani busasshen rafi mai yashi, muna haurawa babur ya shaƙe, ya yi tari sau biyu, ya mutu. Na kwance zanin na sauke ta a gindin wani kalgo. Na buga kik har gumi ya jiƙa mini shadda. Da na fizge murfin robar na duba, sai na ga wayar ta yanke tiyon ya rabu biyu, guntun bakinsa na maƙale a jikin famfon, sauran yana lilo. Na buɗe tanki na girgiza, ɗan abin da ya rage bai kai cikin kofin shayi ba. Na waiwaya na ga layin da man ya yi a kan yashi tun daga gangaren rafin.

Ban san yadda zan kwatanta wa mai karatu awannin da suka biyo baya ba. Babu gida, babu gona, babu ko makiyayi, sai sabara da kalgo iya ganin ido, rana kuma ta take. Ban ɗauko ruwa ba. Kayan aikin na bar su a tsakar gidana a kan buhu. Na gwada haɗa tiyon da hannu, ya gajarce ba ya kaiwa, ko da ya kai ma babu man da zai bi ta cikinsa. Na tsaya a tsakiyar hanya na yi ta kira ko wani zai ji, babu wanda ya amsa. Na yi tunanin in ruga ƙauye in kira mutane, sai na dubi nisan da muka yi, na dubi yayata, na kasa barinta ita kaɗai a daji. Na goya ta na fara tafiya. Mace ce mai jiki, ni kuma ɗan ofis ne da ya manta wahala, ƙafafuna suna nutsewa cikin yashi. Ban yi nisa ba muka zube tare. Na sake ɗaukarta, muka sake zubewa. A karo na uku ta ce in ajiye ta, jijjigar tana ƙara mata ciwo. Na jawo ta inuwar wata aduwa, na cire rigata na shimfiɗa mata, daga nan ina hango babur ɗin a tsaye a bayanmu yana ƙyalli a rana.

Ƙafar ta kumbura ta yi sumul, robar ta nutse cikin naman har ba a ganinta sosai. Da azahar ta yi na ga jini na fitowa daga dasashinta, tana tofarwa a gefe tana rufewa da ƙasa don kada in gani. Na yi taimama na yi salla, ban san abin da na karanta ba. Ina sallamewa ta kira ni a hankali ta ce, "Auta, kwance min robar ga. Ba ni jin ƙahwata." Na ce ta yi haƙuri, in na kwance dafin zai hau zuciya. Ta sake roƙona, na sake ƙi. Ban san wanne ne daidai ba, ɗaurewar ko kwancewar, babu kuma wanda zan tambaya, sai na zauna a kan abin da na taso ina ji. Daga baya ta daina roƙo. Ta shiga ba ni saƙonni, ta ce akuyarta mai ciki a ba ɗiyata, ta faɗi inda ta ajiye zanen da take so a rufe ta da shi, ta ce in gaya wa maigidanta ta yafe masa shi ma ya yafe mata. Sannan ta ce kada in sa wa raina damuwa, inji ne, ba ni na yi shi ba. Na buɗe baki in faɗa mata gaskiya, maganar ta ƙi fita. Kuka kawai na yi, ita da maciji ya sara tana ba ni haƙuri.

La'asar ta kusa muka ji ƙarar babur. Wani ɗan kabu-kabu ne magidanci, ya kai kaya wani ƙauye yana dawowa. Na tare hanya na ɗaga hannuwa biyu. Ya tsaya, ya ga halin da muke ciki, ya zuba mini mai daga tankinsa a wata gora, sai na nuna masa tiyon, ya ga ko an zuba zubewa zai yi. Na gaya masa yayata ce, na roƙe shi ya ɗauke ta. Ya ce, "Malam, ba ƙi na yi ba, tsoro nika ji. Babur ɗin ga ba nawa ba ne, in an kama ni da mace shi ke nan abincin gidana." Ya sauka ya miƙo mini babur ɗin, ya ce in hau in kai ta da kaina tunda ni muharraminta ne, shi zai biyo mu a ƙasa, ya yarda da ni. Edita, babur ɗinsa mai giya ne da kuloci, ni kuma ban taɓa tuƙa irinsa ba. Na hau, na saki kulocin, ya yi tsalle ya mutu. Na sake, ya kusa kayar da ni. Ni da na ce babu abin da zai gagare ni, ga abin hawa lafiyayye a hannuna, ga yayata kwance, na kasa matsar da shi taku biyar.

Da mutumin ya ga haka sai ya ce in sauka. Ya yi bisimilla, ya ce Allah na ganin niyyarsa, muka ɗora ta a tsakiya, ni a baya ina riƙe da ita. Ya ce iyakarsa bakin kwalta, ba zai shiga gari ba, ban kuma ga laifinsa ba. Daga baya wani malami ya gaya mini cewa larura irin wannan babu shari'ar da ta hana, amma a wancan lokaci abin sabo ne, kowa a tsorace yake, talaka bai san inda iyakar take ba. Ya sauke mu a bakin titi, ya tsaya tare da mu har wata motar awaki da ta fito daga wajen Shinkafi ta tsaya, ya taya ni ɗora ta, ya juya ya tafi. Ban tambayi sunansa ba, ban sake ganinsa ba.

Rana ta yi ja muka shiga asibiti. Aka yi mata allurar maganin dafin maciji, aka ƙara mata jini. Likitan da ya yanke robar ya tambayi wanda ya ɗaura ta da kuma tun yaushe. Da na ce tun hantsi sai ya dube ni, ya ci gaba da aikinsa. Bayan kwana biyu ya kira mu ni da mijinta, ya ce dafin an shawo kansa, amma ƙafar ta daɗe babu jini a cikinta, ta mutu, in ba a cire ba za ta tafi da ita. Ya ce da an zo da wuri, da robar ba ta yi wannan daɗewar ba, da sauran magana. Mijinta ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Ni aka miƙo wa takarda na sa hannu, don ni ne mai ilimin boko. Aka yanke ƙafar daga gwiwa.

Bakaniken nan da ya ji labari, shi ya nemi amalanke ya shiga dajin ya ɗauko babur ɗin. Ya zo asibiti shi da matarsa da kwanon abinci, suka gaishe ta. Da zai tafi na raka shi bakin ƙofa, ina jiran ya ce ai ya gaya mini. Bai ce ba. Ya ce dai babur na rumfarsa, ya sa sabon tiyo, duk ranar da na samu sukuni in zo in ɗauka. Na ji daga baya cewa mutane sun yi ta tambayarsa abin da ya sami babur ɗin, wasu ma har suna cewa ko aikinsa ne bai yi kyau ba, shi kuwa amsarsa ɗaya ce, inji ba ya da alkawari. Ya ɗauki zargin da ba nasa ba, ni kuma ina ji na yi shiru, ban wanke shi ba. Bayan 'yan shekaru ya koma garinsu, ban nemi gafararsa ba har ya tafi. Babur ɗin kuwa ban sake hawansa ba, na ba da shi.

Yayata ta warke, ta koyi tafiya da sanda. Matar da ke daka, ta yi surfe, ta je rijiya, ta kai ƙuli-ƙuli kasuwa, ta koma zama a tabarma ana miƙo mata ruwa. Da mijinta ya rasu na ɗauko ta na dawo da ita gidana, yanzu haka tana ɗakin da ke kallon nawa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne labarin da take bayarwa. Duk baƙon da ya zo sai ta gaya masa yadda Auta ya goya ta a daji, yadda ya cire rigarsa ya shimfiɗa mata, yadda ya tare hanya ya samo mai babur. Takan ce ba don Allah ya kawo ni ranar ba da tuni an manta da ita. Jikokinta sun haddace labarin. A ƙauyensu har yau in na je ana nuna ni ana sa mini albarka. Ni kuma ina zaune ina amsawa da amin, na san da na bar dattijon nan ya ɗaura shanunsa, da wataƙila kafin azahar tana gadon asibiti da ƙafafunta biyu.

Na san komai da ƙaddara, na kuma yi imani da ita. Amma ƙaddara ba ta hana mutum sanin inda ya sa hannunsa. Ba canza famfon ne ya fi damuna ba, ko da yake shi ma wauta ce, mai sana'a ya ce in jira na ƙi. Kowa na iya kuskuren aiki. Abin da ya hana ni sukuni shi ne na ga alamar ɓarna da idona na ɓoye ta don kada a yi mini dariya, aka kuma tambaye ni a lokacin da gaskiya za ta yi amfani, na zaɓi mutuncina. Dariyar da na guje wa ba za ta wuce ta yini ɗaya ba.

Don haka nake kira ga 'yan'uwa, musamman masu ɗan ilimi irina da ke ganin sun fi mai baƙin hannu sani. In mai sana'a ya ce ku jira, ku jira, ko wane ne shi, ko daga ina ya fito. Abin hawan da kuka taɓa da hannunku ba ku tabbatar da lafiyarsa ba, kada ku ɗora ran wani a kansa. Wanda maciji ya sara a gaggauta kai shi asibiti ta hanyar da mutane ke bi, kada a yi masa ɗaurin da na yi, ku tambayi ma'aikatan lafiya abin da ya dace tun kafin ranar ta zo. In kuma kun yi kuskure, ku faɗe shi tun yana ƙarami, don in ya kwana ya yi nauyi, in ya shekara ba ya ɗaukuwa.

Malamai sun gaya mana cewa haƙƙin mutum ba ya sauka sai mai shi ya yafe, kuma ba a yafe abin da ba a sani ba. Ta tsufa yanzu, ni ma furfura ta cika mini kai. Sau da yawa nakan shiga ɗakinta da niyyar yau zan faɗa, in zauna a bakin tabarma, sai ta ɗago ta ce Auta ka ci abinci kuwa, sai in ce na ci, in tashi in fito. Ba ta karatun boko, ba za ta ga wannan takarda ba. Na rubuta ne ko faɗa wa waɗanda ba su san ni ba zai sa bakina ya saba da maganar. Ina roƙon duk wanda ya karanta ya sa ni a addu'a, Allah ya ba ni ƙarfin zuciyar da zan durƙusa a gabanta in gaya mata, tun kafin a ɗauki ɗayanmu.